Dutsen da aka ce daga duniyar Mars ya faɗo: in sayar da babur in saya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne a Zango. Wani direba da ke zuwa Agadas ya nuna mini baƙin dutse kamar dunƙulen hannu a kasuwar Dole, ya ce daga duniyar Mars ya faɗo, irin wanda aka sayar a Amurka. Ya ɗora masa maganaɗisu, ya kama ƙam. Jika ɗari huɗu yake so, ni kuwa sai na sayar da babur. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe babur ɗinka. Labarin dutsen da aka sayar a Amurka gaskiya ne: a Nuwamban 2023 an tsinci dutsen Mars mai kusan kilo 25 a jihar Agadas, gidan gwanjon Sotheby's na New York ya sayar da shi a Yulin 2025 kan dalar Amurka miliyan 5.3. Tun daga nan kowane baƙin dutse ya zama ɗan Mars.

Amma shaidar direban ita ce ta tona shi. Duwatsun Mars da ake tsinta na aman wuta ne, narkakken dutse da ya daskare. Ƙarfen cikinsu ya gauraya da wasu sinadarai, ba tsagwaronsa ba ne, shi ya sa da ƙyar maganaɗisu ke jan su. Ko jan launin duniyar Mars ai tsatsa ce a cikin ƙurarta. Waɗanda maganaɗisu ke kamawa su ne gutsattsarin duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupita, masu ƙarfe da nikel. Su ne mafi yawa a Sahara, kuma ba su da tsada. Wannan ma in daga sama ya zo ke nan, domin tama tamu ta ƙasa da kashin maƙera su ma suna kama maganaɗisu.

Karɓi dutsen ka juya shi a rana. In ka ga ramuka kamar soso, kashin maƙera ne. Na sama yana da siririn ɓawo baƙi, kamar ƙonon tukunya, daga zafin shigowa iska. Cikinsa ya fi haske. Goga shi a bayan karo, wato tayil: in ya bar zane ja ko baƙi sosai, na gida ne.

Ido kuwa ba ya gane ɗan Mars. Dutsen Zagami da ya faɗo a ƙasar Katsina a 1962, mai wajen kilo 18, sai da aka gwada iskar da ta maƙale cikinsa, ta yi daidai da wadda kumbon Viking ya auna a Mars a 1976. Wane direba ke da wannan awon a aljihu? Ga shi a Agustan 2025 gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu waje. Wa za ka sayar wa?

Tambaya: Malam, yarona ya tsinto wani dutse mai nauyi a gona wajen Mirriya. Ana ta cewa in fasa shi in ga ciki.

Amsa: Hajiya, kada ki fasa, kada ki wanke, ruwa na sa shi tsatsa. An taɓa tsintar na gaske a ƙasar Damagaram a 1999, giram 46 kacal, ƙarfe haɗe da ƙwayoyin dutse, kuma sunan Zinder masana suka sa masa. Ki naɗe naki a busasshen ƙyalle, yaron ya tuna daidai inda ya ɗauke shi, sannan ku nuna wa malaman ilimin duwatsu a jami'a kafin wani dillali ya yi masa kuɗi.