AlphaFold ba ta kashe kwaikwayon furotin ba

Ɗan'uwa, ka tambaya: tunda manhajar AlphaFold ta iya hasashen siffar furotin (sinadarin jiki mai kama da zare, da ke naɗewa ya ɗauki siffarsa), me ya rage wa masu kwaikwayon naɗewarsa a kwamfuta? Wallahi da sauran aiki.

AlphaFold, wadda ta yi zarra a CASP, gasar hasashen siffar furotin, ta 2020, siffar ƙarshe take ba ka. Kamar a nuna maka rawani a naɗe a kan hakimi, ba ka ga yadda hannu ya bi ba. Masu kwaikwayo kuwa hanyar suke nema. A kwamfuta sukan sa furotin cikin ƙwayoyin ruwa, su lissafa jan da kowane atom ke yi wa maƙwabcinsa bisa dokokin Newton, su matsa gaba da femtosakan 2 kacal (femtosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan), su sake lissafi. Furotin da ke naɗewa cikin milisakan ɗaya (kashi ɗaya cikin dubu na sakan) sai ya ci taku biliyan 500!

Wannan nauyi ne ya sa Vijay Pande ya kafa shirin Folding@home a jami'ar Stanford a 2000, yana aron kwamfutocin jama'a, masanin kwamfuta D. E. Shaw kuma ya ƙera babbar kwamfutar Anton musamman domin aikin. Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne cututtuka irin Alzheimer (cutar mantuwa), inda furotin ke karkacewa a hanya ya dunƙule. Hoton ƙarshe ba zai nuna maka inda ya kauce ba.