Hanyar keke daga Katsina zuwa Daura: mai yiwuwa ce kuwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin firamare ne, ina zaune a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 na jingine babur na koma kan keke. Kwanan nan wasu matasa a unguwarmu suke yawo da takarda suna neman sa hannu, wai a yi wa masu keke da masu tafiya a ƙasa hanyarsu daban, a haɗa ta da ƙauyuka har zuwa Daura. Ni da nake hawan keken ma na kasa sa hannu, don ina ganin kwaikwayon Turawa ne, alhali titin mota ma bai ishe mu ba. Shin abin nan mai yiwuwa ne, ko ɓata lokaci suke yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara wa aikin koyarwa albarka. Ka sa hannu. Amma kafin ka sa, ka zaunar da yaran nan ka tambaye su daga ina hanyar za ta ɗauki mutum, ina kuma za ta sauke shi, sannan me ke tsakani. Idan sun iya amsawa, sun san abin da suke yi. Idan sun tsaya kame-kame, to aikinka ne na malami ka taimaka musu su gano amsar.

Dalilin tambayar shi ne hanyar keke tamkar igiyar guga ce: komai kyanta, in ta tsinke a wuri ɗaya ba ta ɗebo ruwa. Na taɓa zuwa duba wani aiki a wani gari inda aka shimfiɗa wa masu tafiya a ƙasa hanya mai kyau a gefen titi, da bulo mai launi da fitilu. Ta yi tafiya kaɗan sai ta ƙare a bakin wata buɗaɗɗiyar kwata, babu murfi babu kwalbati. Ina tsaye wani dattijo ya iso da keke, ya ɗauro harawa a baya har ta fi kansa tsawo. Ya sauka, ya dubi kwatar, ya turo keken ya koma cikin motoci. Kashegari ba zai ma hau wannan hanyar ba tun daga farko. Kuɗin da aka kashe ya tafi a banza saboda murfin siminti guda ɗaya. Shi ya sa masu wannan fafutuka a ko'ina a duniya suka fi maimaita kalmar haɗawa fiye da kalmar ginawa.

Batun kwaikwayon Turawa kuma, su ma ba da sha'awa suka fara ba, wuya ce ta kai su. A ƙasar Holan, a shekarar 1971 mutum kusan 3,300 ne suka mutu a haɗarin mota, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito kan titi suna neman a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga tsadar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara wa maganarsu nauyi, har aka riƙa hana motoci fita ranar Lahadi. Ka ga kenan abin da ya mayar da kai kan keke shi ne ya mayar da su. A Ingila wasu 'yan sa kai a birnin Bristol suka haɗu a 1977, suka sami tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita tsakanin Bristol da Bath, suka mayar da ita hanyar keke mai tsawon kilomita 21, suka gama a 1986. Ƙungiyarsu, Sustrans, ita ce daga baya ta jagoranci haɗa hanyoyin keke na ƙasar baki ɗaya daga 1995. A Amurka akwai wata hanya mai kilomita 240 tsakanin Pittsburgh da Cumberland da aka yi ta ɗinkawa guntu-guntu fiye da shekara talatin, ba a rufe giɓin ƙarshe ba sai 2013. Nan kusa da mu ma, Nairobi ta fitar da tsarinta na masu tafiya a ƙasa da masu keke a 2015, Legas ta bi sahu a 2018, Adis Ababa kuma a 2019.

Mu nan gida an taɓa gwadawa ta hanyar da ba ta ɓulle ba. Marigayi Ojo Maduekwe, lokacin yana ministan sufuri, ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma kan keke, shi da kansa yana hawa zuwa ofis a Abuja, har wata motar bas ta jefa shi cikin rami. Niyyarsa mai kyau ce, amma an kira mutane su hau keke ba a ba su wurin bi ba. Matasanku sun fara daga inda ya kamata.

Yanzu mu zo kan Daura. Tsakaninta da Katsina kusan kilomita 80 ne, kuma gaskiya babu wanda zai tashi kullum ya tuƙa keke daga nan zuwa can. Idan aka gabatar wa gwamnati maganar a haka, za a yi murmushi a sa takardar a durowa. Amma ka dubi yadda mutane ke amfani da hanyar nan. Ɗan ƙauyen Shinkafi da ke kusa da Katsina yana shigowa birni da kayan lambu. Ɗan ƙauyen da ke kusa da Mashi yana zuwa kasuwa ko asibiti. Mutanen karkarar Daura suna cin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. Kowannensu tafiyar kilomita biyar ce zuwa goma sha biyar. Doguwar hanyar ba komai ba ce illa waɗannan gajerun tafiye-tafiye an ɗaura bakin wannan da na wancan. In an gyara kowane guntu don mutanen wurin, wata rana za a wayi gari an isa Daura.

Kuma abin da nake so ka jaddada musu shi ne yawancin hanyar tana nan, kakanninmu sun riga sun taka ta. Akwai 'yar hanyar ƙafa tsakanin kowane ƙauye da maƙwabcinsa, akwai ta amalanke, akwai gefen layukan bedi da aka dasa don tare hamada a arewacin jihar. Abin da ke kashe su a hankali shi ne cin iyaka: bana mai gona ya ƙara kunya ɗaya, baɗi wani ya yanka fili ya kafa harsashi, shekara biyar sai ka ga hanya ta zama lungun da jaki ma ba ya wucewa da kaya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ƙaramar hukuma kuma tana da ta cewa a kan filayen karkara, don haka shata hanya da kafa mata turaku abu ne da za a iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Wannan ya fi kwalta gaggawa nesa ba kusa ba. Kwalta ana iya zuba ta bayan shekara goma, amma filin da aka gina gida a kai sai da diyya da rigima.

Sai dai su kiyayi burtali. Haƙƙin makiyaya ne, kuma mun ga abin da toshe shi ya jawo mana a jihar nan. Kada wani ya zana hanyar keke a kansa ba tare da arɗo yana zaune a wurin ba. In an yi da hankali ma, buƙatar ɗaya ce: makiyayi da mai keke duk so suke a daina cinye hanya. Haka kuma idan za su fita karkara, su fara da gabas, ɓangaren Mashi da Daura. Yammacin jihar, wajen Jibiya da Batsari da Safana, maganar tsaro ce ke gaba da komai.

Akwai kuma wata dama da ke wucewa yanzu haka. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ya ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Duk inda aka tayar da tudun layin dogo, yana datse ƙananan hanyoyin ƙauye. Lokacin neman mashigi shi ne tun aiki bai kammala ba. Da ni ne su, wannan zan sa a layin farko na takardar.

Ta fuskar aiki, abin ba shi da wuya. Faɗin mita uku ya isa keke biyu su gifta juna mai tafiya a ƙasa bai kauce ba. A karkara marmara da aka daddaɓe da kyau ta wadatar, in dai an ɗaga tsakiya ruwa ya gangara gefe, domin yashi da zaizayar damina su ne abokan gabar keke a ƙasarmu. Kuɗin yana tafiya ne a kwalbatoci da mashigin ƙorama. Inuwa kuma wajibi ce, don hanyar da babu itace a Afrilu babu mai bin ta da rana. A dasa bedi, a nesanta masu ƙaya, in ba haka ba mai faci ne kaɗai zai ci riba. A cikin birni matsalar daban ce: 'yan acaɓa da 'yan kurkura za su shiga, masu tebur za su baje kaya. Fenti ba ya hana su, sai dakali ko turakun siminti, amma a bar tazarar da keken guragu da kurar mai ruwa za su wuce. Masu teburin kuma a ware musu wuri tun a zane, don korarsu ba ta taɓa ɗorewa ba.

Shawarata ga matasan, su ajiye maganar Daura a matsayin buri, su zaɓi guntu ɗaya da za a iya gani da ido, misali daga Ƙofar Ƙaura zuwa jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a kan hanyar Dutsin-ma, inda ɗalibai da ma'aikata ke zirga-zirga kullum. Su taka shi da ƙafa, su ɗauki hoton duk inda mai keke ke sauka ya tura, su tsaya da safe da yamma na mako guda su ƙirga masu wucewa, har da 'yan makaranta da mata. Sannan su fara da mai unguwa da hakimi, kafin hukumar tsara birane da ɗan majalisarsu, kuma su kai kafin a rufe kasafin kuɗi. Kai kuma Malam, ka ba su aron 'yan ajinka na shida su zana hanyar da kowannensu ke bi daga gida zuwa makaranta, su sa jan alƙalami a inda suke jin tsoron tsallakawa. Wannan takarda a liƙa ta a gaban ta sa hannun.