Fanshon Baba a zangon Kumasi

Ɗan'uwa ka tambaye ni wai mu Hausawan Gana gwamnati ce ke riƙe mana tsofaffi kamar Turawa ko har yanzu 'ya'ya ne. Wallahi tambayar ta ɗan sosa min rai, don na san inda ka dosa, wato ko mun riga mun zama Tonawa, mutanen Ashanti. Dama kullum cewa kuke Hausarmu ta karye, mace ma "ya zo" muke ce mata. To bari ka ji.

Fansho akwai, SSNIT ake ce wa hukumar. Ana cire wa ma'aikaci kashi 5.5 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 13, in ya kai shekara 60 kuma ya zuba na shekara 15 sai a riƙa ba shi kashi 37.5 na albashin shekaru ukun da ya fi samu, yana ɗan hawa da yawan shekaru har ya tsaya a kashi 60 ga wanda ya yi 35. A takarda ba laifi. Amma a zango mutum nawa ne mai albashi? Mahauta ne, 'yan goro, teloli, mata masu koko da ƙosai. Su adashi ne fanshonsu, susu in ji mutanen nan.

Baba ya yi shekara ashirin da wani abu yana tuƙi a wani kamfani, ashe abin da suke rubuta masa a matsayin albashi ɗan kaɗan ne, sauran duk alawus, shi kuma alawus ba ya shiga lissafi. Da ya yi ritaya kuɗin wuta da maganin hawan jini suke lashe abin tun kafin wata ya raba. Bai taɓa faɗa mana ba, ni na tsinci takardar fanshon a aljihun babbar rigarsa ranar wanki. Ni dai a ganina kashi kaza kashi kaza duk zance ne, wanda ya tsufa a bakin aiki a ba shi abin da zai ci sau uku ya sayi magani, kar sai ya jira ɗa ya tuna da shi.

Sauran kam mu ne, ni da ƙannena, ƙarshen wata kowa ya turo nasa ta waya. Matar nan tawa Batoniya da kuka yi ta tsegumi a kanta lokacin biki, ita ke tashi da asuba ta dama masa koko, shi kuma yana ta mita wai citta ta yi yawa.