Amsa ga mai tambaya kan dandamalin injin lantarki na iska mai yawo a kan teku, wanda ke lilo idan iska ta wuce mita 11.4 a sakan

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don wallahi irin ciwon da na sha ke nan. Ka ce ka ɗora injin NREL mai megawat 5 (samfurin injin lantarki na iska da cibiyar binciken makamashi ta Amurka ta tsara) a kan dandamalin OC3 mai yawo a kan teku, a cikin OpenFAST, manhajar da ke kwaikwayon aikin injin a kwamfuta, komai lafiya lau, amma da zarar iska ta haura mita 11.4 a sakan sai dandamali ya kama lilo gaba da baya, gudun farfela ya rikice, har kana tunanin sake gina modal ɗin daga tushe. Don Allah kada ka taɓa shi. Matsalar kwantirolar fuka-fukai ce, wato tsarin da ke karkata fuka-fukan farfela don riƙe gudunta idan iska ta haura mita 11.4 a sakan, wadda aka saita domin injin da ke kafe a ƙasa.

Idan hasumiyar da ke ɗauke da farfela ta sunkuyo gaba wajen iska, farfela na ganin kamar iska ta ƙaru, sai kwantirola ta karkata fuka-fukai, turin iska ya ragu, hasumiyar ta ƙara zubowa gaba. In ta koma baya kuma a ƙara mata turi. Kamar mai tura yaro a lilo ne daidai lokacin da ya kamata, kullum ƙaruwa yake.

Ni na faɗi wannan a gaban kwamitin da ke duba aikina, wani babba a cikinsu ya ce sam, igiyoyin anga ne ban lissafa daidai ba. Bai ko kalli jadawalin da na haska ba, yana ta latsa waya, da ya ɗago kai ya ce wanda bai taɓa ganin teku ba ne zai koya masa ruwa. Aka yi dariya. Ina tsaye, bakina ya bushe, na kasa cewa uffan. Ya sa na shafe watanni ina sauya tsayin igiya da nauyinta, lilo yana nan daram, tallafin karatuna kuwa yana ƙarewa. Daga baya da gaskiya ta fito ko "yi haƙuri" bai ce ba, sai ma ya ce dama abin da yake nufi ke nan. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

To, fara da rage zafin kwantirolar. Saitin injin da ke kafe a ƙasa yana kan radiyan 0.6 a sakan (ma'aunin saurin martaninta), a OC3 an sauke shi zuwa 0.2 don ya koma ƙasa da lilon dandamali, wanda ke ɗaukar kusan sakan 30 kafin ya je ya dawo. Masu bincike Larsen da Hanson sun nuna wannan hanya tun 2007. Amma akwai kuɗin da za ka biya: kwantirola ta yi sanyi, guguwa na bugowa farfela za ta zarce gudunta na ƙa'ida, zagaye 12.1 a minti, sosai, injin gaske kuwa kashe kansa yake yi in gudu ya wuce iyaka. Ka sa ido a kan gudun janareta, kada ka tsaya kallon dandamali kaɗai.

Shi ya sa na fi son a auna motsin kan hasumiya a mayar wa kwantirola, ROSCO, manhajar kwantirola ta NREL, na da wannan a ciki. Ka duba da kyau alamar lambar da ake ninka wannan saƙon da ita, ta ƙari ce ko ta ragi, in ta juye lilon ninkawa zai yi. Ka tace saƙon kuma, kar fuka-fukai su riƙa bin kowace igiyar ruwa, injinan da ke karkata su za su gaji.

Sannan ka adana kowane gwaji da kwanan wata, ka tura wa mai duba ka a rubuce, kada ka yarda da maganar baka. Kuma ka riƙa barci, ɗan'uwa.

Af, a janareta ka gwada riƙe ƙarfin murɗawa a tsaye maimakon riƙe wutar da ake fitarwa, haka aka yi a OC3. Turo mana jadawalin kusurwar fuka-fukai da na dandamali a iskar mita 13, a nan kusa da mita 11.4 abin ya fi tsanani.