Wane ci gaba ne ya fi girgiza wasan game?

Ɗan'uwa ka tambaya wane sauyi ne ya fi girma a tarihin wasan game, to wasu za su ce maka kyan hoton yanzu, ni kam a ganina fita daga 2D (hoto a shimfiɗe) zuwa 3D (hoto mai zurfi da ake iya zagayawa a ciki) ne. Da can Mario daga hagu zuwa dama kawai yake gudu, sai Super Mario 64 ya fito a 1996, manet (abin da ake riƙewa a sarrafa wasa) na na'urar Nintendo 64 na da 'yar sandar analog, ka tura kaɗan ya taka a hankali, ka tura sosai ya zura da gudu, kuma kai ke juya kamara yadda kake so. Wallahi ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma PlayStation da Sony ta fitar a Japan a 1994 da faifan CD, CD ɗaya na ɗaukar wajen mega 650 alhali kaset ɗin Mario 64 mega 8 ne kacal, shi ya sa aka samu wurin zuba muryoyi da bidiyo.

Mu nan Garwa dai PlayStation 2 (PS2) ce ta cika shagunan game, ga wasan ƙwallo na PES ga GTA San Andreas na 2004, ka ɗauki mota ka zaga gari ba mai cewa bi nan.