Tambayarki, Amsarmu: Maganin Sankarar Mama Ya Hana Ni Barci

Tambaya: Salam Anti, bayan an min aikin sankarar mama likita ya ɗora ni kan Tamoxifen, to wallahi tun lokacin barci ya ƙaurace min, cikin dare sai zafi ya taso min daga ƙirji har fuska in jiƙe sharkaf da gumi. Na gaji, in daina sha ne? Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikissalam, sannu 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Don Allah kar ki daina, maganin nan ana shan sa shekara 5 zuwa 10 don ya rage haɗarin dawowar ciwon, kuma aikinsa tare sinadarin mata na istirojin ne, shi ya sa kike jin zafin nan irin na masu daina al'ada.

Ki koma ki faɗa wa likitanki komai, ki tambaye shi ko za ki maida shan safe, akwai kuma magunguna kamar Venlafaxine da Gabapentin masu rage zafin amma shi zai rubuta miki, kar ki je kemis ki saya da kanki domin wasu irin su Paroxetine da Fluoxetine suna rage wa Tamoxifen ƙarfi, maganin gargajiya ma sai kin tambaya.

A gida kuma ki bar shayi, kofi da goro daga la'asar, ki ɗan taka ƙafa da rana, ƙailula ta zama gajera. Ki watsa ruwa kafin kwanciya ki sa rigar auduga mara nauyi. In kuma kin ga jini ba na al'ada ba ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ki tafi asibiti ranar.