Jijjigar farfela a tsohuwar Alfa Romeo GTV6: robar taya za ta iya maye gurbin ta asali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji mota ƙirar Alfa Romeo GTV6 ta 1984 daga mahaifina, kuma ta daɗe a ajiye kafin na tayar da ita. Tun da ta fara tafiya nake jin jijjiga a ƙarƙashin kujera, ko da motar tana tsaye idan na taka totur. Kulochi ya yi laushi, giya ta biyu kuma tana ƙara kafin ta shiga. Bakanikena ya shiga rami ya ce robobin farfela ne suka tsage, amma ba abin damuwa ba ne, zai yanko tsohuwar taya ya yi mini wasu a yini ɗaya. Hankalina bai kwanta ba, domin ina so in riƙa ɗaukar 'ya'yana a cikinta. Me ya kamata in yi? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa Aljanna ce makomarsa. Malam, ka yi daidai da hankalinka bai kwanta ba, kuma shawarata ta farko ita ce ka ajiye mabuɗin motar nan, kada ka sake tayar da ita kana taka totur don ka ji jijjigar, har sai an sauya robobin da na gaskiya.

Bakanikenka ya gano ciwon, amma maganin da ya kawo ya fi ciwon haɗari, kuma dalilin yana cikin ginin motar. A motocin da ya saba da su, kulochi da giyabos suna manne da injin a gaba, farfela tana bayansu, don haka idan mota ta tsaya ita ma farfela ta tsaya, a ƙaramar giya kuma a hankali take juyawa. GTV6 ta gaji tsarin motar Alfetta da kamfanin Alfa Romeo ya fitar a 1972, inda aka mayar da kulochi da giyabos can baya wurin aksul domin nauyin motar ya rabu daidai tsakanin gaba da baya. Saboda haka farfelar haɗe take da injin kai tsaye. Da zarar ka murɗa mabuɗi ta fara juyawa, ko giya tana firi, ko ka danne kulochi har ƙasa, kuma gudunta gudun injin ne. Idan allurar injin ta kai juyi 5,000 a minti guda, wannan dogon ƙarfe yana juyawa fiye da sau 80 a daƙiƙa guda, a cikin kwaroron da ya ratsa tsakanin kujerarka da ta wanda ke gefenka.

Abin da ke riƙe da shi robobi uku ne, ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya, sai boris na tsakiya da ke tallafe da shi. Kowace roba an narka ta ne tare da ƙarafan da ƙusoshi ke ratsawa, an auna taurinta da nauyinta domin ta shanye bugun injin V6 mai lita 2.5 wanda injiniya Giuseppe Busso ya tsara. Wanda ya ɗauki wuƙa ya yanko gefen taya, ya huda ramuka shida da ƙarfe mai zafi, ba shi da hanyar da zai sa ramukan su zauna daidai a kan da'ira ɗaya, ba shi da hanyar da zai sa nauyin ya daidaita, kuma babu ƙarfen da zai hana ƙusa cin robar. Kullum sai na ji wannan magana a bakin masu gyara, cewa ai roba roba ce, an yi wa mota kaza ta yi shekara tana tafiya, kuma takaicinta yana ci mini rai, domin wanda ya yi aikin ba shi ne zai zauna a kan farfelar ba. Robar taya tana iya lallaɓa bushin salansa. A nan kuwa, ranar da ta saki, farfelar za ta riƙa dukan duk abin da ke kusa da ita da ƙarfin injin, tana iya fasa gidan kulochi, ta lanƙwashe sandar giya, ta yage ƙasan motar, kuma sau da yawa hakan yana faruwa ne a lokacin da direba ya taka wuta don ya wuce wata mota.

Akwai ƙanwar wannan kuskure, wato cewa motar da ba ta yi tafiya da yawa ba robobinta lafiya suke. Roba shekaru ne ke cin ta, da zafi, da man da ke ɗiga a kanta, ko motar ta motsa ko ba ta motsa ba. Don haka kada ka yarda a sayar maka da ta gwanjo da aka cire daga wata mota, ko wadda ta yi shekaru a kan kantar shago tana bushewa. Ka yi odar sababbi guda uku tare da boris na tsakiya daga masu sayar da kayan tsofaffin Alfa a Italiya, Jamus ko Ingila, ka ba su lambar jikin motar, domin ukun ba girmansu ɗaya ba, kuma sun bambanta tsakanin shekarun ƙira.

Wajen ɗaurawa ka tsaya a kan aikin da kanka. Kafin a kwance komai a sa alamar fenti a kan kowace mahaɗa, kowace ƙusa da notinta su koma ramin da suka fito, saboda an yi wa farfelar balans ne a haɗe. Sabuwar roba tana zuwa da ɗamarar ƙarfe da ta matse ta, kuma ba a yanke ɗamarar sai an gama ɗaure ƙusoshi duka. Wanda ya yanke ta tun farko zai koma yana tura ƙusa da guduma, ya raunata robar tun ba ta fara aiki ba. A duba kujerun injin da na giyabos a rana ɗaya, domin idan sun zauna farfelar za ta karkace, sababbin robobin kuma ba za su daɗe ba.

Laushin kulochi bayan doguwar ajiya galibi daga man kulochi ne da robobin masta na sama da na ƙasa, na ƙasan kuwa a wannan mota yana can baya. A zubar da tsohon man, a sauya robobin, a zuba man birki DOT 4, a ci gaba da sauya shi duk shekara 2. Kada baƙin mai ko man giya ya shiga wurin, domin yana kumbura robobin. Ka gyara wannan kafin ka yarda a buɗe giyabos: kulochin da ba ya saki sosai shi ke sa giya ta biyu ƙara, kuma zoben daidaita gudu na giya ta biyu dama shi ne mai rauni a wannan tsari. Idan ƙarar ta ragu bayan gyaran, ka saba da barin man giya ya ɗumama da ɗan dakatawa a firi kafin ka shigar da ita.

Ƙafafun motar ba su da wahala. A gaba sandunan murɗawa take da su a maimakon sifirin, don haka abin dubawa bushin ne da shokazoba da bol-joyin. A baya a duba babban bushin da ke gaban aksul da na sandunan da ke hana shi karkata gefe. Duk bushin roba ba a ɗaure shi ɗaurin ƙarshe motar tana rataye a kan jak, sai an sauke ta ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba zai zauna a murɗe ya tsage da wuri. Birkin baya kuma a jikin giyabos yake, ba a wurin taya ba, saboda haka idan ka ga danshin mai a gefen giyabos, a sauya oyil-sil ɗin tare da takalman birkin da man ya taɓa kafin yaran su shiga motar.